Zakaru Uku a Kakar Wasa Ɗaya

Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da 'ya'ya a makaranta, kuma ba su suka yi laifin ba. Waɗanda suka san bakin tashar Ƙaura Namoda a shekarun da aka ba mu sabuwar jiha za su gane ni ko ban faɗa ba. Ku matasa nake yi wa wannan rubutu, musamman masu son ƙwallo, don ni ma ta nan na shiga.

A Ɗan Isa aka haife ni. Mahaifina manomi ne, gero da dawa, mutum mai ƙarancin magana wanda ba a taɓa kai ƙararsa ko gaban mai unguwa ba. Ni kaɗai ne cikin 'ya'yansa na gama sakandare. Burina aikin jirgin ƙasa, amma ko da na gama jirgin ya fara ƙaurace wa Ƙaura, sai a yi makonni ba a ji kukansa ba. Sai na kafa tebur a bakin tasha ina sayar da batir da tocila da kaset. Na auri Saratu, muka kama ɗaki biyu a bayan kasuwa. Ba mu da yawa, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

Ina da rediyo mai kama tashoshin waje. Duk ranar Asabar bayan La'asar sai in kamo wasan ƙwallon Ingila, mutane su taru a gindin ɗurumin da ke kusa da teburina, Bature yana ta zuba ni kuma ina juya musu da Hausa. Direbobin da ke dawowa daga Kudu sukan kawo mini tsofaffin jaridu. Ina da littafi da nake rubuta komai a ciki: wace ƙungiya ta sayi wane ɗan wasa, wane ne ya karye, wace ce ke iya wasa a gida ta kasa a waje. Kafin a fara kowace kakar wasa, wato tsakiyar damina, sai in zauna in faɗi wadda nake ganin za ta zama zakara da waɗanda za su faɗo ƙasa. Shekara biyu a jere na faɗa ya zama haka. Daga nan aka daina musu da ni. Ba na karɓar ko kwabo, daɗin da nake ji kawai shi ne in buɗe baki a yi tsit.

Akwai wani mutum da ake kira Na-Layi, saboda shagonsa na bakin layin dogo. Shagon cacar ƙwallo ne, inda mutane ke cika takarda su sa kuɗi. Wata rana ya zo sayen batir, ya tsaya yana jin ina yi wa mutane bayani. Da suka watse ya ce, "Kai, wanga kai naka ka ka rabawa kyauta? Ka rubuta mini wasa ukku na wanga sati, in ba ka na shayi."

Na san caca haramun ce. Amma na ce a raina ai ba ni ke yi ba, ilmina kawai na faɗa. Na rubuta masa, biyu suka fito daidai. Ya ba ni abin da ya fi cinikin kwana uku. Mako na gaba ni na kai kaina shagonsa.

Da muka saba sai ya nuna mini ainihin sana'ar. Ya ce wasa ƙarshensa uku ne kawai: ko wannan ta ci, ko waccan, ko a tashi canjaras. Ka raba masu sayen takardarka kashi uku, kowane kashi ka ba shi ɗaya. Dole kashi ɗaya ya dace. Waɗanda suka dace ka sake raba su. Wanda ya dace sau uku a jere zai rantse da Alƙur'ani cewa kana gani har hanji, shi zai yi ta kawo maka mutane. Na ce, "To waɗanda suka faɗi fa?" Ya yi dariya ya ce, "Su ka ce musu Turawa sunka canza shiri daga baya. Ai dut sun yarda shirya wasan a kai tun kahin a buga."

Gaskiya ya faɗa. Mutane da yawa sun yi imani cewa wasu manya ne a Ingila ke zama a ɗaki su tsara wanda zai ci. Wanda ya yarda da haka, abin da yake nema kawai shi ne mai ɗan'uwa a cikin ɗakin.

Da aka ƙaddamar da Shari'a aka rufe shagunan caca. Na-Layi ya kwashe kayansa ya koma Kudu. Ranar da zai tafi ya ce mini in nemi wata sana'a, garin ya canza. Ina so ku lura da wannan: wanda ya koya mini ɓarna ya ji tsoro ya bari, ni ban bari ba. Ba ni da wanda zan ɗora wa laifin abin da ya biyo baya.

Abin da na hango shi ne, shago ya rufe amma kwaɗayin mutane bai rufe ba. Suna zuwa teburina kamar masu sayen batir, su sunkuyo su ce, "Malam, bana fa?" Na kuma hango wani abu da ya fi wannan muni: yanzu duk wanda na cuta ba zai iya kai ƙara ba, domin in ya je gaban alƙali sai ya fara amsa cewa ya yi caca, a tsula masa bulala a bainar jama'a. Na ga kamar dokar da aka kawo don ta hana ni ita ce ta zame mini katanga.

Da damina ta yi tsaka, ana shirin fara sabuwar kaka, na samo ambulan mai ratsin ja da shuɗi irin na wasiƙun ƙasar waje, da tsohon kan sarki a jiki. Na ce wani abokin karatuna da ke aiki can ne ya aiko mini sunan zakaran bana, an riga an tsara. Wanda ya sa kuɗinsa a hannuna, in kaka ta ƙare zai karɓi ninki biyar. Sharaɗi ɗaya: kada ya nuna wa kowa takardar da zan rubuta masa, in maganar ta fita Turawa za su canza. Mutanen Ƙaura na rubuta musu ƙungiya mai fararen riguna. Na hau mota na je Shinkafi, na ba su mai shuɗi. Na je Zurmi, na ba su mai ja. Dukkan ukun ƙungiyoyi ne masu ƙarfi, na san za su daɗe a sama, babu wanda zai yi saurin ganewa. Na ce kafin wata tara su cika na san dabarar da zan yi.

Mutum biyu ba zan manta da su ba. Na farko Malam Isiya, tela ne a kasuwar Shinkafi, dattijo mai furfura a gemu, bai taɓa caca ba a rayuwarsa. Wani abokin cinikinsa ne ya kawo shi. Ya yi ta juya hularsa yana cewa zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ni na kwantar masa da ita. Na ce, "Baba, caca ita ce abin da ba a san ƙarshensa ba. Wannan an sani, ajiya ce kawai." Yana da keken ɗinki biyu, ya sayar da mai kyaun ya bar tsohon, yana fatan in kaka ta ƙare ya sayi na zamani mai yin aiki a wuyan riga.

Na biyu Jabbi, Bafulatani daga wata ruga a yankin Zurmi. Bai taɓa ganin wasan ƙwallo ba, bai san ko mutum nawa ke bugawa ba. Ya ji dai ana cewa akwai malamin Ƙaura da ba ya faɗa ta faɗi ƙasa. Ya sayar da bijimi ya kawo mini. Da na miƙa masa takardar ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe ta a tsumma ya sa a aljihun ciki.

Na sayi babur. Na saya wa Saratu atamfofi, na ce ciniki ne ya buɗe. Na aika wa Baba buhun taki, ya aiko a tambaye ni ko batir ya fara haihuwa ne. Daɗin bai wuce wata guda ba.

Daga ranar da aka fara buga wasa na shiga wani hali da ban taɓa tsammani ba. Asabar da a da nake ɗokin zuwanta ta zama ranar da na fi tsoro. Ina zaune gindin ɗurumi ina fassara, mutanen Ƙaura sun zuba mini ido. In masu fari suka ci, su yi ta murmushi suna taɓa juna, ni kuwa hankalina yana Shinkafi da Zurmi. In suka sha kashi, a bi ni da kallo har in naɗe teburi. Babu sakamakon da zai fito in samu sauƙi. Ko addu'a ban san wadda zan yi ba, don duk wadda na roƙa wa nasara na roƙa wa gari biyu asara.

Sai na koma yawo tsakanin garuruwan uku. Babur ɗin da na saya don jin daɗi ya zama na kai ƙarya. Litinin ina Zurmi ina cewa ga shi kuna gani, Alhamis ina Shinkafi ina cewa da gangan ake barin masu shuɗi a baya don kada a gane shirin. Kowace ƙarya sai ta buƙaci wata ta tallafe ta, kuma dole in riƙe a kaina wadda na yi wa kowa. Wanda ya matsa yana son a mayar masa da nasa, sai in nemo sabon mutum in karɓa in toshe bakinsa. Haka rami ya yi ta zurfi. Har fassarar ma na fara ha'inci a cikinta: Bature ya ce ɗan wasan masu fari ya karye sai bayan wata uku, ni in ce ya ɗan gurɗe ne.

Na yi tunanin gudu ba sau ɗaya ba. Wata safiya har na kai bakin mota mai zuwa Gusau da 'yar jakata. Sai na tuna kowa ya san gidan Baba a Ɗan Isa, kowa ya san gidan su Saratu. In na ɓace, ƙofarsu za a je. Na koma na buɗe teburi. Wata Juma'a kuma na bi liman bayan an sallame da niyyar in faɗa masa komai. Ya juyo ya ce, "Lafiya dai?" Na ce lafiya lau, gaisuwa ce. A lokacin maganar yanke hannu ta cika gari, ko'ina ita ake yi. Nakan tsinci kaina ina kallon hannuna na dama in ina cin tuwo.

Saratu ta gane akwai abu. Wata rana tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, mutanen da ka zuwa suna sallama da kai suna magana ƙasa-ƙasa, batir suka saye?" Na daka mata tsawa na ce ta tsaya a matsayinta. Ba ta ƙara tambaya ba, amma daga ranar ta ninke atamfofin nan ta sa a ƙasan akwati, ba ta sake ɗaura ko ɗaya ba.

Asirin ya tonu ne gab da Babbar Sallah. Jabbi ya kai raguna kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya sayar, ya sayi yadi ya shiga rumfar tela don a ɗinka masa riga. Allah ya sa rumfar Malam Isiya ya shiga. Suna cikin hira Jabbi ya ce baɗi war haka riga uku zai ɗinka, yana da ajiya wajen malamin Ƙaura. Malam Isiya ya tsayar da keke. Ya lallashe shi har ya fito da takardar. Rubutu ɗaya, alkawari ɗaya, sa hannu ɗaya, sunan zakara daban.

Washegari da hantsi na ga Malam Isiya tsaye gaban teburina. Bai zauna ba, bai ɗaga murya ba. Ya ajiye takardarsa, ya faɗi sunan da ya gani a ta Jabbi, ya ce, "Wanne a gaskiya?"

Na fara kame-kame. Ya ce, "Ba wannan nit tambaye ka ba. Akwai wasiƙa ko babu?"

Na ce babu. Sannan na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunyarsa fiye da komai. Na ce, "Baba, in ka kai ƙara, kai za a fara kwantarwa. Da furfurarka, a gaban 'ya'yanka da surukanka. Ka yi haƙuri mu rufa wa juna asiri."

Ya ce, "Na sani. Tun jiya nika tunaninta. Ni na yi laihi, bulalata ce, in sha ta nan ta hi in sha ta can. Amma ba ka ƙara yi ma wani." Ya ɗauki takardarsa ya tafi.

Ina da yini guda cur da zan iya gudu. Ban motsa ba. Gaskiya wata irin gajiya ce ta sauko mini, har na ji kamar gara a zo. Da 'yan sanda suka iso washegari ina zaune na jera batir.

A kotu alƙali ya tambayi Malam Isiya ko ya san abin da ƙararsa za ta jawo masa. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, na sani." Cikin dukan mutanen da na cuta a garuruwa uku, shi kaɗai ya tsaya. Sauran suka ce ba su san ni ba sai a sayen batir. Jabbi ya tsorata ya koma daji. Amma an samu ambulan ɗin nan a ɗakina, ni ma ban yi musu ba. Alƙali ya ce abin da na yi ba sata ba ce da ake yanke hannu a kanta, zamba ce da cin amana da jawo mutane ga caca. Ya yanke mini bulala da ɗaurin shekara biyu, ya kuma ce a sayar da babur da kayan teburina.

A filin gaban kotu aka yi bulalar, rana tsaka, jama'a sun kewaye. Malam Isiya aka fara yi wa. Ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke da kansa, ya miƙa wa wani ya riƙe masa. Bai yi ko tari ba. Ni ina tsaye ina kallo, dattijon da ya zo mini yana cewa zuciyarsa ba ta kwanta ba. Tawa da aka zo yi ban ma ji zafinta sosai ba sai daga baya.

Gidan yari ba sai na ba ku dogon labari ba. Ɗaki ɗaya mutum fiye da yadda tabarma za ta ɗauka, zafi, ƙuda, ƙaiƙayi, abincin da in ka gani a gida ba za ka ba akuya ba. Baba ya zo sau ɗaya. Ya zauna ya dube ni, ya ce ya sayar da gonarsa ta fadama ya kai wa tela kuɗin kekensa, tela ya ƙi karɓa sai da liman ya sa baki. Ya ce, "Karatun da nis sa ka, na ɗauka gyara za ka yi muna da shi." Ya tashi. Saratu ta koma gidansu da cikin ɗanmu na fari, ban ga yaron ba sai da ya fara tafiya.

Ina ciki kaka ta ƙare. Wani gandiroba mai son ƙwallo ne ya gaya mini masu ja sun ɗauki kofi. Wato takardar Zurmi ta fito daidai. Na ɗauka wannan zai ƙara musu haushi, tunda sun ci kuma babu abin karɓa. Ashe ba haka ba. Sai ga saƙo yana shigo mini ta bakin masu ziyara: wai mutanen Zurmi sun ce tabbas ina da ɗan'uwa a ɗakin Turawa, takardarsu ce ta gaskiya, sauran biyun na yi ne don in ɓatar da sawu. Har fursunoni suka fara ba ni rabin abincinsu don in faɗa musu wasan Asabar. Na ce musu ƙarya ce, na rantse, suka ce ai dole in ce haka.

Ranar da aka sake ni na sauka a tashar Ƙaura ba ni da ko na shayi. Mako bai cika ba sai ga Jabbi ya zo har gidan Baba da ƙwaryar nono. Na fito ina jiran zagi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ya yafe bijimin, ƙaddara ce. Sannan ya matso ya rage murya ya ce, "Malam, bana wa za shi ɗauka? Ina da karsana."

Ba ni da aiki, ba ni da jari, matata tana gidansu tana jiran in samu abin riƙe ta. Kuma ga mutum ya kawo kansa. Ba zan ɓoye muku ba, sai da zuciyata ta raya mini sunan wata ƙungiya. Na zaunar da shi a zaure, na kira Baba ya zama shaida, na ba shi labarin komai tun daga ambulan har zuwa garuruwa uku. Na ce sa'a ce kawai ta faɗo kan tasa, da mai fari na ba shi da yanzu yana tsine mini. Ya saurara har na gama. Ban tabbata ya yarda ba, amma ya koma da karsanarsa.

Na tuba ga Allah, kuma na bi waɗanda na iya samu gida-gida na nemi gafara. Wasu sun yafe, wasu sun rufe mini ƙofa. Na koma noma tare da Baba a gonar tudu da ta rage. Bayan damina biyu Saratu ta dawo.

Ku matasa, yanzu abin ya fi na zamaninmu sauƙin shiga, yana cikin wayar da ke aljihunku. Ku kalli ƙwallo, ku yi musu, ku faɗi wadda kuke ganin za ta ɗauka, babu laifi. Amma ranar da wani ya ce ku sa kuɗi don shi ya san abin da zai faru, ku tashi daga wurin. Ni na zauna a kujerar wannan mutumin, kuma ban san komai ba. In kuma kai ne Allah ya ba kan da mutane ke saurara, kada ka karɓi na shayin farko. Ni daga shi ne ban ƙara samun wurin tsayawa ba.

Malam Isiya yana nan da rai, ya tsufa, yana ɗinki a rumfarsa. Duk lokacin da na shiga kasuwar Shinkafi sai na bi ta gabansa na yi sallama. Yakan amsa, domin amsa sallama wajibi ne, idonsa a kan allura. Shekaru sun wuce bai taɓa ƙara kalma ɗaya a kai ba, ni kuma ban ga laifinsa ba.